Bindigar farauta ta fara watsa harsashi: yadda za ka gano laifin kafin ka sauya bututu

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu bindigar farauta irin mai tsagin murɗe a cikin bututu: "Bindigata ta daina zuba harsashi wuri ɗaya, ko bututun ne ya ƙare?" Amsata kusan kullum ita ce, da wuya. Bindigar gasa da ke cinye harsashi dubbai a shekara tana ƙone bututu, wannan babu musu. Ta farauta kuwa, wadda ake harba kwali ɗaya ko biyu a shekara, sai ta kai hannun jika bututunta bai ƙone ba. Abin da ya fi kawo watsi shi ne kusar da ta saki, madubin saitin da ya lalace, dattin da ya taru, ko kuwa mai harbin da kansa. Wanda ya ruga ya sauya bututu bai duba waɗannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki, ya kuma biya kuɗi mai yawa a kan abin da sukurdireba zai gyara.

Shi ya sa na jera matakan nan daga wanda ba ya cin kuɗi zuwa mafi tsada. Ƙa'ida ɗaya ce za ka riƙe tun daga farko: abu ɗaya ake canzawa, a harba, a rubuta, sannan a taɓa na gaba. In ka ɗaure kusoshi, ka wanke bututu, ka canza harsashi duk rana ɗaya, ko bindigar ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba, kuma matsalar za ta dawo ta same ka yadda ta bar ka.

Kayan da za ka tanada: teburi mai ƙarfi wanda ba ya rawa, buhunan yashi biyu, takardun saiti da yawa, ma'aunin tsawo, sukurdireba mai auna ƙarfin ɗauri, sandar wanke bututu mai gaɓa ɗaya da jagorarta, maganin wanke baƙin hayaƙi da na narkar da jan ƙarfe, tsummoki, auduga, gilashin ƙara girman abu, kariyar kunne da ta ido, da ɗan littafin rubutu. In za ka iya aro madubin saiti da aka tabbatar da lafiyarsa, da 'yar kyamarar leƙa cikin bututu, aikin zai yi sauƙi sosai.

1. Auna watsin da lamba

"Ba ta harbi kamar da" ba bayani ba ne. Kafa takarda a mita 100, ranar da iska ta lafa, ka harba biyar kana saita ɗigo ɗaya. Ka auna daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda tsakanin biyun da suka fi nisa da juna. Ka maimaita sau uku ko huɗu a kan sabuwar takarda, ka ɗauki matsakaicin. Harbi uku kacal yana ruɗi: bindiga marar kirki takan yi sa'a ta haɗa uku wuri ɗaya, mai kirki kuma takan jefar da ɗaya gefe.

Maharba suna auna wannan da wani ma'aunin kusurwa da ake kira MOA. MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a mita 100, ko inci 1.047 a yadi 100. Bindigar farauta da ke riƙe MOA ɗaya da rabi, wato wajen santimita 4.4 a mita 100, za ta zuba cikin santimita 9 a mita 200. Wurin huhu da zuciyar dabba mai girman barewa babba ya kusa santimita 20. Ka ga ke nan akwai masu kuka da bindigar da ba ta yi musu laifin komai ba, sun dai ga hotunan 'yan gasa ne hankalinsu ya tashi.

Gargaɗi: ka bar bututun ya huce tsakanin harbi. Siririn bututun farauta an yi shi ne don a ɗauka a yi tafiya da shi, ba don a yi ta ɓarin wuta ba. In ba za ka iya riƙe shi da tafin hannu ba, ya yi zafi. Harbi cikin wannan zafin yana ɓata awo, kuma shi ne abin da ya fi saurin cinye bututu.

Ka yi wa hudar farko alama ta daban. Harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne wanda dabba za ta samu, don haka shi ya fi kowanne daraja a wurin mafarauci.

2. Fitar da kanka daga zargi

Wannan matakin ba ya yi wa mutane daɗi, amma kyauta ne. Ka ɗora gaban ƙotar a kan buhun yashi, gindinta a kan ɗayan, wuri ɗaya kowane harbi. Bututun kansa kada ya taɓa komai. Kada ƙarfen rataya igiya ya riƙa tokarar buhu lokacin da bindiga ta ja baya.

Sai gwajin zabura. Ka ba abokinka bindigar ya riƙa loda maka ba ka gani, wani lokaci da harsashin gaske, wani lokaci da na gwaji marar albarushi. In kunama ta faɗa a kan na gwajin ka ga bakin bindiga ya sunkuya, ko idonka ya rufe, to an kama ɓarawon. Masu manyan harsasai irin .300 Winchester Magnum sun fi faɗawa wannan, don kafaɗa tana koyon tsoron naushin tun kafin mai ita ya sani.

Hanya mafi sauri ita ce musaya: wani gwani ya harba taka, kai ka harba tasa. In taka ta haɗa a hannunsa, babu sauran magana a kan bututu.

3. Gwada harsashi iri-iri

Kowace bindiga tana da wanda take so. Ko kamfani ɗaya da nauyi ɗaya, in lambar rukunin da aka buga a kwali ta canza, harbi yakan canza. Ka tambayi kanka: yaushe watsin ya fara, ba ranar da na buɗe sabon kwali ba? Ka nemi iri uku masu nauyi daban, har da irin na gasa guda ɗaya don awo kawai. In akwai ko iri ɗaya da ya haɗa sumul, bututun yana da rai.

Ka dubi siffar hudar ma. In ta zama doguwa maimakon zagaye, ko ka ga inuwar harsashin a kwance, yana tungure a iska ke nan. Galibi murɗen bututun ne ya yi wa tsawon harsashin sanyi. Bindigar .223 Remington mai murɗe 1:12, wato zagaye ɗaya a inci 12, tana riƙe harsashi mai nauyin giren 55 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), amma ba za ta riƙe dogo mai giren 77 ba. Harsasan jan ƙarfe zalla, marasa dalma, sun fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, don haka wanda ya koma amfani da su yakan ci karo da wannan. Auna murɗe ba wuya: sa tsumma mai matsewa a sandar wanki, manna 'yar tutar salatif kusa da mariƙi, tura a hankali har tutar ta yi zagaye ɗaya cif, ka auna tsawon da sandar ta shiga.

4. Kusoshi da madubin saiti

Gargaɗi: daga nan zuwa gaba za ka riƙa juya bindiga a hannu. Cire gidan harsashi, buɗe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi, ka zare ta gaba ɗaya, duba ɗakin harsashi da ido da yatsa. Harsasai su bar ɗakin da kake aiki.

A nan ake kama mafi yawan laifi, saboda haka kada ka yi gaggawa. Fara da ƙafafun da zobban madubi ke hawa, waɗanda aka ɗaure a saman uwar bindiga, wato ƙarfen da bututu da sakata ke shiga cikinsa. Ba za ka iya duba su da kyau ba sai ka sauke madubin, kuma wannan ƙyuyar ce ke sa mutane su tsallake su. In ka ɗaga ƙafar ka ga mai ya yi baƙi a ƙarƙashi, ko wurin ya goge yana sheƙi, tana motsi ke nan. Akwai wani tarko da kusar gaba: in ta yi tsawo, takan tokare zaren bututu a ƙasa, sai ka ji ta ɗauru tam alhali ƙafar ba ta kamu ba. Gwada ta ita kaɗai, sauran a kwance. In ƙafar ta girgiza, kusar tana buƙatar a rage mata tsawo.

Kusoshin zobba galibi ƙarfin ɗauri na inci-fam 15 zuwa 18 suke so, wajen nutin-mita 2, amma ka bi abin da kamfanin ya rubuta. Ɗauri fiye da kima yana matse jikin madubi ya hana kayan cikinsa motsi daidai.

Gargaɗi: inci-fam daban, ƙafa-fam daban. Na biyun ya ninka na farkon sau 12. Wanda ya ɗauko abin auna ɗauri na mota ya bi lambar a makance, zai karya kusa ko ya lotsa madubi.

Ka sa ɗan ɗigon fensir a jikin madubi daidai bakin zobe. Bayan harbi goma, in ɗigon ya matsa, madubin yana zamewa. Sai ka ɗora bindiga a buhu ba ka taɓa ta ba, ka leƙa, ka kaɗa kanka sama da ƙasa. In gicciyen saiti yana yawo a kan takarda, sai ka gyara da maɓallin gefe in madubin yana da shi, in babu kuma ka kula da ɗora kumatu wuri ɗaya kowane harbi.

Madubin da ya lalace a ciki ba ya nuna alama a waje. Abin da yake yi shi ne raba harbi gida biyu, uku nan biyu can, ko saiti ya tashi tsakanin yau da gobe. Gwaji ɗaya ne ke raba gardama, a ɗora wani madubin da aka yarda da shi a harba. Kada ka yi maganar bututu da kowane maƙeri kafin ka yi wannan. In bindigar tana da abin rage ƙara ko rage naushi a baki, kwance shi ka harba ba shi, don sakinsa kaɗan ya isa ya watsa harsashi.

5. Zaman ƙarfe a cikin ƙota

Kusoshi biyu ko uku ne ke riƙe uwar bindiga a ƙota. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya motse, sai ɗaurin bara ya zama sako-sako bana. Kwance su, tsayar da bindiga a kan gindinta don ƙarfen da ke tare naushi ya zauna a mazauninsa, ɗaure ta gaba sannan ta baya, kaɗan-kaɗan. Ƙotar itace zalla ba ta son ɗauri mai yawa, wajen inci-fam 30 zuwa 40 ake yi mata. Mai gado ko ginshiƙan alminiyam a ciki takan ɗauki har 65. Nan ma maganar kamfani ce gaba.

Ga wani gwaji da yatsa. Ɗora ɗan yatsanka a ƙarshen ƙota ta gaba, yana taɓa itace da bututu lokaci ɗaya. Da ɗayan hannun ka sassauta kusar gaba a hankali. In ka ji bututun ya ɗaga ko ya ja gefe a ƙarƙashin yatsan, kusar tana lanƙwasa ƙarfen ne duk lokacin da aka ɗaure ta. Maganinsa a yi wa uwar bindiga sabon gado da ƙaron ifoksi, aikin da kuɗinsa bai kai ko kusa da na bututu ba. Ka duba kuma ko akwai siririyar tsaga a itace bayan wurin taren naushi, ko itacen ya jiƙe da mai ya yi laushi.

Sai ka zura takarda a ƙarƙashin bututu daga gaba zuwa baya. A bindigar da aka yi bututunta ya tsaya a sarari, takardar za ta wuce har kusa da uwar bindiga. In ta maƙale a gefe ɗaya, nan ne bututun ke tokara idan ya yi zafi, kuma alamarsa a takardar saiti ita ce hudoji su jeru suna hawa sama ko suna tafiya gefe ɗaya bi da bi. Ƙotar roba mai araha takan wuce gwajin a hannu, amma ta lanƙwashe ta taɓa bututu da zarar an ɗora ta a kan ƙafafun harbi. Saboda haka ka gwada a yanayin da kake harbi.

Gargaɗi: kada ka ɗauko sanfefa tukuna. Wasu bindigogin, kamar Remington 700 masu ƙotar itace, da gangan aka bar musu ɗan tudu a gaban ƙota yana tallafe siririn bututu. Kafin ka goge shi, sa yankan katin roba a ƙarƙashin gaban uwar bindiga don bututun ya ɗaga na ɗan lokaci, ka harba ka gani. Itacen da aka goge ba ya dawowa.

6. Wanki har zuwa ƙarfe

Yawancin masu cewa suna wanke bindiga mai kawai suke shafa mata. Kowane harsashi yana barin jan ƙarfe a jikin tsagi, albarushi yana barin baƙin hayaƙi, suna hawa kan juna shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ta gindin bututu ake wanki, ta ɗakin harsashi, da jagorar da ke tsare sanda a tsakiya. Fara da maganin baƙin hayaƙi da burushi, sannan na jan ƙarfe. Tsumma zai riƙa fitowa shuɗi. Ka ci gaba har ya daina. Bututun da aka daɗe ba a kula ba yakan ɗauki kwanaki ana jiƙawa ana gogewa.

Gargaɗi: magani mai ƙarfin amoniya ba a barin sa ya wuce mintocin da aka rubuta a kwalba. Kuma kan sanda ko burushi na tagulla shi ma yana rina tsumma shuɗi, sai ka yi ta wanke abin da babu. Ka yi amfani da na roba ko na alminiyam wajen wannan.

Ka lura da zoben baƙin hayaƙi mai tauri da ke taruwa daidai inda bakin kwanso ya ƙare. Yana matse harsashi, yana ɗaga matsin wuta, kuma burushi na wucewa ba ya cire shi. Sai an jiƙa an murza a wurin.

Lokacin da kake tura tsumma mai matsewa, ka saurari hannunka. In a wani wuri sandar ta zame fuu sannan ta sake kamawa, bututun ya kumbura a nan, galibi don an taɓa harbi da laka ko mai ko wani abu a ciki. Wannan ba a harbi da shi sai maƙeri ya gani.

Bayan wanki ka busar da bututun, ka zubar da harbi uku zuwa biyar kafin ka fara awo, don bututu mai tsabta fes yakan jefa na farko wani wuri.

7. Leɓen baki

Inda harsashi ke rabuwa da bututu dole ya zama daidai ta kowane ɓangare. Ɗan ƙwarzane ɗaya ya isa hayaƙi ya riga fita ta gefe ya ture gindin harsashi. Dubi bakin da gilashin ƙara girma a hasken rana. Zagaya auduga a gefen ramin, in zare ya maƙale akwai ƙaya. Bayan harbi, baƙin hayaƙin da ya zanu a fuskar bakin ya kamata ya fito da rassa masu tsawo ɗaya. In wani reshen ya ɓace ko ya karkace, ga laifin nan.

Tsofaffin bindigogin soja irin Lee-Enfield da Mauser 98 da aka yi shekaru ana wanke su ta baki, tsagin ƙarshensu yakan cinye. Maƙeri zai iya gyara leɓen kaɗai, ko ya yanke santimita biyu ko uku ya yi sabo. Wannan yana cikin ayyuka mafi araha, kuma ya ceci bututu da yawa da aka riga aka yanke wa ƙauna.

Gargaɗi: ƙasashe suna da dokar mafi ƙarancin tsawon bututu. A Amurka inci 16 ne ga irin wannan bindiga. Ka san ta ƙasarka kafin a yanke.

8. Yanzu ne ake zargin bututu

Bututu ba ya ƙarewa gaba ɗaya. Daga maƙogwaro yake mutuwa, 'yan santimitocin farko gaban ɗakin harsashi, inda wuta ta fi zafi. Da kyamara za ka ga ƙarfen ya yi ƙananan tsage-tsage barkatai, farkon tudun tsagi ya lallatse ya ja gaba, wani lokaci har ƙananan ɓarɓashi sun ɓalle.

Yawan albarushi a kan ƙanƙantar rami shi ke saurin kawo wannan. A kiyasin da maharba suka saba yi, bututun harsashin .308 Winchester yakan kai harbi 5,000 ko fiye, 6.5 Creedmoor tsakanin 2,000 da 3,000, .243 Winchester ƙasa da haka, masu zafi irin .264 Winchester Magnum kuwa da wuya su yi nisa bayan 1,500. Kiyasi ne na ma'aunin gasa, mafarauci yakan ci moriyar bututu bayan nan. Yi lissafin kanka: kwali nawa a shekara, shekara nawa. Mai .30-06 da bai kai harbi 1,000 ba, in bututunsa ya lalace, tsatsa ce ko sandar wanki, ba wuta ba.

Gargaɗi: kyamara tana firgita mutane a banza. Bututun kamfani da yawa cike suke da sawun inji, wasu da ƙananan ramukan tsatsa, kuma suna harbi lafiya lau. Takardar saiti ce alƙali. Kyamara tana bayyana dalili ne bayan takarda ta nuna akwai laifi.

Alamomin ƙonewa na gaske tare suke zuwa. Huɗu su haɗu, ɗaya ya fice nesa ba dalili, kuma hakan ya yi ta faruwa da kowane irin harsashi. Bayan wanki ta gyaru na harbi kaɗan sannan ta koma. Jan ƙarfe ya riƙa taruwa da sauri fiye da da. Na'urar auna gudu ta nuna harsashi ya rage gudu, tazarar da ke tsakanin harbi da harbi ta faɗaɗa. Kuma lalacewar ta fi bayyana a nesa kafin ta bayyana a mita 100.

Ka duba kwanson da ka harba. In 'yar hular gindinsa ta turo waje, ko ka ga siririn zobe mai haske kusa da gindi, ko sakata tana yin nauyi wajen buɗewa, ka daina harbi. Maƙeri zai auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da ɗakin harsashi da ma'aunai na musamman. Wannan batun lafiyar fuskarka ne, ya wuce batun saiti.

9. Shawara

In bindigar sabuwa ce kuma tun farko ba ta haɗawa, mayar da ita kafin kowa ya taɓa ta. Kamfanoni irin Tikka da Weatherby suna ba da alkawarin MOA ɗaya da harsashi mai kyau, kuma gyaran waje yana soke garanti.

In maƙogwaro ne kaɗai ya ci, sauran bututun lafiya, akwai matsakaiciyar hanya: a kwance bututu, a yanke baya, a sake zare da ɗakin harsashi. Sai dai ladan aikin ya kusa na sa sabo, rayuwar da zai ƙara ba ta kai ta sabo ba, kuma siririn bututun farauta sau da yawa ba shi da kaurin da za a yanka. Ni ban cika ba da shawararsa ba. Mai loda harsashinsa da kansa kuma yana iya fito da kan harsashi gaba kaɗan ya bi maƙogwaron, har inda gidan harsashi ya ba shi dama.

Sauya bututu yana da hujja idan ya kumbura, ko tsatsa ta cinye tsagi, ko alamomin mataki na 8 sun taru kuma watsin ya wuce abin da farautarka za ta lamunta, ko kana son wani murɗe ko wani harsashi daban. Kafin ka amince, haɗa kuɗin duka: ɗanyen bututu, yanke zare, fafe ɗakin harsashi, gyaran baki, rini ko fenti, gyaran ƙota, aikawa da dawowa, harsasan gwaji, da jiran da kan kai watanni. A bindiga mai araha, jimillar takan kai ko ta wuce kuɗin sabuwa, kuma ba za ka mayar da kuɗin ba ranar sayarwa. A bindiga mai uwa ta kirki, ko ta gado da hannunka ya saba da ita, kuɗin ya halatta. Tsohuwar da lambobinta suka dace da juna kuma masu tara kayan tarihi ke nema, sauya mata bututu yana karya darajarta. Gara a ajiye ta a sayi ta aiki.

10. Abin da za ku daidaita da maƙeri

Gargaɗi: doka tukuna. A Amurka uwar bindiga ce doka ta ɗauka a matsayin bindigar. A Birtaniya bututun kansa yana cikin sassan da sai da izini, kuma akwai gwajin matsi da ake yi a gidajen gwaji na Landan da Birmingham. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar gwajin bindigogi ta CIP, irin Jamus da Faransa da Italiya, su ma suna da tilascin wannan gwaji. Canza girman harsashi yakan buƙaci gyara lasisi. Maƙeri mai lasisi kaɗai za ka ba aikin.

In za ka canza harsashi, tsaya cikin dangi ɗaya. .243 da .308 da 7mm-08 da 6.5 Creedmoor fuskar sakata ɗaya suke amfani da ita, kuma duk suna shiga gajeriyar uwa. .270 da .30-06 fuskar ɗaya ce amma sai doguwar uwa. Magnum kuwa fuskarsu ta fi faɗi, komawa gare su ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi. Ka fara zaɓar kan harsashin da za ka riƙa farauta da shi, murɗen ya biyo bayansa.

Kauri ka bar shi kusa da na asali. Mai kauri yana jure zafi, amma kai za ka ɗauke shi wuni guda, kuma sai an fafe ƙota. Ƙarfe marar tsatsa 416R ya fi dacewa da mai shiga ruwa da raɓa, ko da yake shi ma yana son kula. Ƙarfen 4140 shi ke karɓar baƙin rini irin na tsofaffin bindigogi. Gardamar tsagin yanka irin na kamfanonin Krieger da Bartlein da tsagin matsi irin na Shilen da Lilja, ka bar wa 'yan gasa. Hannun maƙerin da ya fafe ɗakin harsashi ya fi wannan tasiri a bindigar farauta.

Bindigogi irin Savage 110 masu noti a gindin bututu suna karɓar bututun da aka riga aka gama, kuma hakan yana rage kuɗi da jira. Duk da haka dole a auna da ma'aunai biyu: sakata ta rufe a kan mai rubutun GO, ta ƙi rufewa a kan mai rubutun NO-GO. Kuma a buga sunan harsashin a jikin sabon bututun, don kada wani ya loda na da.

Ka ce a duba gadon ƙota tun bindiga tana kwance, ka karɓi tsohon bututunka in doka ta yarda. Idan ta dawo, wanke ta kafin harbin farko don fitar da ɓurɓushin inji. Batun harba ɗaya a wanke a farkon amfani, masu ƙera bututu sun saɓa a kai, sai ka bi takardar wanda ya ƙera naka. Sabon bututu yakan ƙara gudu kaɗan cikin harbi ɗari ko ɗari biyu na farko, saboda haka ka sake duba saitin nesa bayan nan. Mai loda nasa ya koma ƙaramin awon albarushi ya hau a hankali, don awon da tsohon maƙogwaro ya jure yana iya yi wa sabo yawa. Ka buɗe sabon shafi a littafinka, ka rubuta ranar, irin harsashi, lambar ɗaurin kowace kusa da faɗin harbi biyar na farko, sannan ka riƙa ƙara adadin harbi duk ranar da ka fita.